Tun Ran Gini Ran Zane: Yadda A Ke Gwada Kuɗin Magina Kafin A Sa Harsashi

 Yau maganar gini za mu yi. Na san wata za ta ce, "Ina ruwanmu da gini, ai sha'anin maza ne." To, dakata tukuna. Wa ke yini a gidan? Wa ke jera kwanoni a tsakar ɗaki ran da rufi ya yi yoyo? Wa ke korar ruwa da tsintsiya in tsakar gida ta ƙi tsanewa? Ban da wannan kuma, gida nawa aka kai linta da kuɗin adashin uwargida, ko da 'yan kunnenta na zinariya, ko da tumakin da ta shekara tana kiwo? Wadda kuɗinta ke cikin bango lalle tana da ta cewa a kan bangon.

Ku zaga bayan gari, ko wane gari ne, za ku ga kangaye birjik. Gini ya kai taga ya tsaya, ciyawa ta tsiro a ciki, awaki sun mai da shi makwanci. Da yawa daga cikinsu tun a lissafin farko aka yi ɓatan kai. Magini ya faɗi kuɗi da ka, mai gida ya ji da sauƙi ya ce a fara, aka kai rabi kuɗi suka ƙare. Ga kuɗin haya ana biya, ga dukiya ta kwanta a kango. Abin da mu ke so mu kauce wa ke nan.

KAFIN A KIRA MAGINI

Abu na fari shi ne zane. Kada a tambayi kowa kuɗin gini sai an zana gidan a takarda: ɗaki nawa, faɗin ko wane ƙafa nawa, tsawon bango, inda ƙofa za ta zauna, inda taga za ta zauna. In babu zane, magini uku gida uku dabam dabam za su ƙiyasta maki, ko wane da irin wanda ya ke gani a zuciyarsa, ke kuwa kina tsammani abu guda su ke magana a kai.

A nan ne bakinki ya fi amfani, uwargida. Ki faɗi inda ki ke son madafi, da sito, da rijiya ko famfo, da inda ruwan wanke-wanke zai bi ya fita. Ki tabbata an nisanta ramin masai da rijiya. Ki ce a bar wurin shanya, da inuwar da yara za su zauna. Duk abin da aka ƙara a takarda, alƙalami kaɗai ya ci. Wanda aka ƙara bayan bango ya tashi kuwa, sai an rushe, a biya kuɗin rushewa, a sake biyan na ginawa.

HANYA UKU TA BA DA AIKI

Akwai aikin yini, watau a biya birkila da leburorinsa kullum in an tashi. Wannan ya dace da ɗan ƙaramin aiki, amma yana bukatar mai tsayawa a kai, domin wanda a ke biya da yini ba ya gaggawar gamawa.

Akwai jinga. Mai gida ya sayi kaya, a yi cinikin kuɗin aiki kaɗai, a ce daga harsashi zuwa linta kaza. Ɗan jinga yana da sauri, har saurin ya kan yi yawa, saboda haka a sa ido kan kyan aikin. Kayan kuma ba shi ya saya ba, ba lalle ne ya ji zafin ɓarnarsu ba.

Sa'an nan akwai kwangila, a ba mutum kuɗi ya sayi kaya ya yi aiki, har ya miƙo mabuɗi. Ta fi hutu, amma ribar ɗan kwangila tana ciki, kuma duk buhun simintin da ya rage aljihunsa ya faɗa. Ko wace hanya tana da kyanta da aibinta. Abin kiyayewa dai, kada a gwada kuɗin ɗan jinga da na ɗan kwangila a ce wancan ya fi araha, domin ba abu guda su ke sayarwa ba.

A NEMI MUTUM UKU

A ba magina uku zane iri ɗaya, ko wane shi kaɗai, kada ɗaya ya san abin da ɗan'uwansa ya ce. A roƙi ko wane ya kawo ƙiyasinsa a rubuce, dalla-dalla: haƙan harsashi nawa, bulo guda nawa a kan nawa, siminti buhu nawa, yashi da tsakuwa tifa nawa, rodi nawa, katako da kwano nawa. Kuɗin kaya dabam, kuɗin aiki dabam. Wanda ya rubuto layi guda, "Ginin gida gaba ɗaya kaza," a mayar masa da takardarsa cikin mutunci, a ce ya warware ta.

Lalle kuma a sa kwanan wata, ya kuma faɗi kwana nawa maganarsa za ta tsaya, domin kasuwar kayan gini ba ta zama wuri ɗaya. Bayan da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin ɗauko kaya ya tashi, a farkon 2024 kuwa buhun siminti ya haura naira 10,000 a kasuwanni da dama. Wanda ya riƙe takardar bara ya shiga kasuwar bana ya san sauran. Nisa ma yana da nasa. Siminti daga masana'anta ya ke fitowa, kamar ta Kalambaina a Sakkwato, ko ta Ashaka a Jihar Gombe, ko ta Obajana a Jihar Kogi, kuɗin mota kuwa mai saye ke biya. Don haka kada a ɗauki farashin wani gari a auna na garinku. A aika yaro kasuwa ya tambayo shago biyu ko uku a ranar.

GA MISALI

Kuɗin da zan faɗa na misali ne kawai, don a ga yadda lissafin ke tafiya. A ce ɗaki biyu da falo za a gina. Na fari ya ce naira 6,000,000. Na biyu ya ce 7,500,000. Na uku ya ce 8,200,000. Da jin haka zuciya sai ta karkata ga na fari, ko ba haka ba?

To, a shimfiɗa takardun nan uku a kan tabarma, a bi su layi layi. Na uku ya sa filasta 900,000, silin 500,000, ƙofofi da tagogi 800,000, sokawe 450,000, wayar lantarki 400,000. Na biyu ya sa ukun farko, bai sa sokawe da waya ba. Na fari bai sa ko ɗaya ba, shi da an buga kwano aikinsa ya ƙare.

Yanzu a cika wa kowa abin da ya bari. Abubuwan nan biyar sun tashi 3,050,000. In aka ɗora wa na fari ya zama 9,050,000. Na biyu a ƙara masa 850,000, ya zama 8,350,000. Na uku yana nan a 8,200,000. Ashe wanda aka ɗauka mai tsada shi ne mai sauƙin! Na fari bai yi ƙarya ba, shiru kawai ya yi a kan abin da ba a tambaye shi ba.

Amma fa kada a ce kullum mai tsada shi ne mai gaskiya. Wani ya kan ga mai gida ya zo da mota, ko ya ji an ce ɗansa yana aiko kuɗi daga waje, sai ya ƙara gishiri. Shi ya sa bayan an daidaita layukan, sai a koma kan yawan kayan.

AIKIN 'YAN MAKARANTA

Ku 'yan mata da ke makaranta, ga inda lissafinku zai yi rana. Bulo ɗaya tsawonsa inci 18 ne, watau ƙafa ɗaya da rabi, tashinsa kuwa inci 9. A ce ɗaki ƙafa 12 ne ta ko wane gefe. Kewayensa ƙafa 48 ke nan. A raba 48 da ɗaya da rabi, a sami bulo 32 a sahu guda. Bango mai tashin ƙafa 10 yana cin wajen sahu 13. To, 32 sau 13 ya ba da 416. A cire wajen 30 na gurbin ƙofa da taga, a ƙara wajen 20 saboda fashewa, an dawo kusa da 400. In harsashi zai ci sahu 4, a ƙara 128. Ɗakin nan da harsashinsa bai wuce bulo 530 ba da wani abin kirki.

Ku tuna kuma, bangon da ya raba ɗaki biyu sau ɗaya a ke ƙirga shi. Idan kika bi zanen gidanku da wannan lissafi kika sami 2,000, takardar magini kuwa ta ce 2,800, sai ki kai wa Baba cikin ladabi, ki ce, "Baba, a tambaye shi inda 800 ɗin nan za su shiga." Wataƙila yana da hujja, kamar katanga ko ramin sokawe. In yana da ita zai faɗa. In babu, kin tsirar da kuɗin makarantarki.

Idan gidan babba ne, ko bene, lissafin gida ba zai isa ba. Akwai masu ilmin ƙididdigar kayan gini, waɗanda aikinsu ke nan, su bi zane su fitar da yawan ko wane kaya. Sai a ba ko wane magini takardar nan guda ya cika farashinsa a gaban ko wane layi. Bene kuwa lalle sai da injiniya, domin rai ke ƙarƙashinsa.

ARAHA BA TA ADO

Takarda biyu su kan yi daidai a yawan kaya, su bambanta a kyansu. Ga wuraren da ya kamata a yi tambaya.

Bulo: mai inci 9 ne ko mai inci 6? Na inci 6 ya fi araha, ana kuwa sa shi a bangon da ke raba ɗakuna, amma a ji wanda za a sa a harsashi da bangon waje. A kuma tambayi guda nawa a ke bugawa da buhu ɗaya. Masu bugun kirki ba su kan yi nisa da 30 ba a mai inci 9, wasu kuwa su kan ja buhu har ya haifi 50. Irin wannan in kika murza gefensa da yatsa sai ya zubo kamar gari.

Kwaɓi: buhun siminti kilo 50 ne. Kwaɓin da aka saba yi wa linta da ginshiƙi shi ne awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Wanda ƙiyasin simintinsa ya gaza na sauran da nisa, a wurin kwaɓi zai rama.

Rodi: a rubuta kaurinsa, mai 10 ne, ko mai 12, ko mai 16. Tsawon sanda cikakkiya mita 12 ne. Kalmar "rodi" kaɗai a takarda ba ta ɗaure kowa ba.

Kwano: bandir ɗaya falle 20 ne, amma kwano suna ya tara. Akwai mai kauri, akwai wanda iskar farkon damina ke naɗewa kamar tabarma. A faɗi irinsa da kaurinsa. Katako kuma a ji ko ya bushe, ko kuma za a shafe shi da maganin gara.

Tifa: wata ƙarama ce, wata babba, duk sunansu tifa. In ɗaya ya ce tifa 5, ɗaya ya ce 8, a tambayi girman motar kafin a zargi wani.

Ruwa: bulo da kankare suna son ban ruwa, a ƙalla kwana 7, kankare kuwa sai ya yi wajen kwana 28 ya ke kai ƙarfinsa. Da hunturu filasta ta kan bushe da wuri ta tsattsage in ba a jiƙa ta. To, wa zai sayi ruwan, mai gida ko magini? A rubuta.

ABIN DA BA YA SHIGA TAKARDAR MAGINI

Akwai kuɗin da magini ba zai sa ba, domin ba nasa ba ne, amma daga aljihu guda za su fita. Tun dokar ƙasa ta 1978, filaye suna hannun gwamnan jiha ne a matsayin amana, saboda haka takardar ciniki ta gaban mai unguwa da shaidu tana da amfani, amma a bi ta da takardar mallaka ta hukuma. A cikin birni kuma sai an kai zane an sami izinin gini daga hukumar tsara birane, wadda a Kano a ke kira KNUPDA, a Kaduna kuwa KASUPDA. Wanda ya gina a kan hanya ko a kan magudanar ruwa, ran da aka shafa wa bangonsa jan fenti ba magini ne zai yi kuka ba.

Ban da waɗannan akwai kuɗin mai zane, da mai gadin kaya, da ciko in filin kwari ne, da jawo wuta, da ƙofar gida da katanga. Bayan an haɗa kome, a ƙara kashi 10 cikin 100 a ajiye gefe saboda abin da ba a zata ba. In jimlar ta fi ƙarfin aljihu, a rage gidan tun a takarda. Ɗaki biyu da aka gama aka shiga sun fi biyar da ke tsaye ba rufi. Sauran a bar masu wuri a zane, sannu ba ta hana zuwa.

Lokaci ma kuɗi ne. Da damina rafuka sun cika, yashi ya kan yi wuyar samu, ramin harsashi kuma ya cika da ruwa. Kada kuma a sayi siminti da yawa a jibge don gudun tsada, domin in ya daɗe ko ya sha danshi sai ya dunƙule. Wanda aka saya a ɗora shi a kan katako, nesa da bango. Mai son ya adana kuɗinsa a kaya, bulo da rodi sun fi jure jira.

GININ ƘASA FA?

Kada mu rena na gida. Da tubali da azara aka gina masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, tun ƙarni na 19, ga kuma Gidan Makama a Kano kowa na gani. Ɗakin ƙasa ya fi na bulo sanyi da bazara, ya fi shi ɗumi da hunturu. Inda ƙasa mai kyau ke kusa, kuɗin farko ya kan yi sauƙi. Sai dai a sa kuɗin yaɓe da gyaran indararo a lissafi, domin su ba sau ɗaya a ke yi ba, azara kuma ta yi wuya saboda giginya ta ragu. Mutane da yawa su kan haɗa biyun, harsashi na siminti, bango na ƙasa, rufi na kwano. In ana da wannan niyya, a nemi ƙiyasin iri biyun a gwada.

GANI YA KORI JI

Takarda ba ta gini, mutum ke yi. Kafin a zaɓa, a je a ga gidan da ko wane ya gina, wanda ya ga damina biyu ko uku, domin sabon fenti yana rufa asiri. Maza za su dubi bango daga waje. Ke kuwa ki yi sallama ki shiga wajen matar gidan, ki tambaye ta, "Yaya, ɗakin nan yana yoyo? Ruwa yana kwanciya a tsakar gida? Ya gama a lokacin da ya ce? Sau nawa ya dawo neman ƙari?" Abin da za ta gaya maki a hira guda ya fi takarda goma.

A da, in gardama ta tashi, akwai Sarkin Magina da za a kai wa ƙara, ga shi kowa ya san gidan uban kowa. Yanzu gari ya faɗaɗa, magini ya kan zo daga wata jiha. Saboda haka a rubuta yarjejeniya, ko da magini ɗan'uwa ne, kai, musamman ma in ɗan'uwa ne, don zumunci ya tsira. A sa aikin da za a yi, da irin kayan, da ranar farawa da ta gamawa, da abin da za a yi in farashi ya tashi. Kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe tasa.

Biya kuwa a yi shi mataki mataki. A ba da ɗan kafin alƙalami, sa'an nan in an gama harsashi a duba a biya, haka linta, haka rufi, haka filasta. Kada kuɗi su riga aiki. Wanda ya karɓi kuɗin rufi tun yana harsashi, shi ke da ku, ba ku ke da shi ba. A ƙarshe a riƙe kashi 5 cikin 100 har wata 6, in da hali har damina ta gwada rufin. Duk canjin da aka yi a tsakiyar aiki, a yi cinikinsa a rubuta kafin a taɓa bulo.

KUƊIN UWARGIDA

Saura magana ɗaya, wadda mata kan ji nauyin yi. In kin sa kuɗinki a ginin nan, ki san matsayinsu tun yau. Kyauta ce kika yi wa maigida? Madalla, ki faɗa. Rance ne? A rubuta. Tarayya ce, kina da rabo a gidan? A rubuta, a sa shaidu. Ki sayi ɗan littafi ki riƙa sa kwanan wata da abin da kika bayar, rasit ɗin kayan da kika saya kuma a sa sunanki, ki adana a ƙasan akwati. Wannan ba rashin yarda ba ne. Rai ba ya sallama, kuma ran da aka zo rabon gado, magada takarda za su tambaya. Maigidan kirki shi zai fara cewa a rubuta.

In za ki kawo masa maganar ƙiyasi kuma, ki nemi lokacin da ya huta, ki ce, "Maigida, da a ce mu ji ta bakin mutum biyu ko uku kafin a ba da aikin, ko yaya ka gani?" Matambayi ba ya ɓata.

To, 'yan'uwa, zane tukuna, sa'an nan magina uku, a jera takardunsu a cike giɓin, a ƙirga kaya, a ga aikin hannunsu, a rubuta, a biya a hankali. Wadda ta yi gini ta ga wani abin da ban ambata ba, ta rubuto mana don sauran su ƙaru. Allah ya ba kowa muhalli nasa na kansa, ya sa a shiga lafiya. Sai mako mai zuwa.